Fanka na Juyawa, Allo Baƙi Ƙirin

Ƙarfe biyu da kwata na taka birki a ƙofar makarantar, minti arba'in da biyar bayan an tashi yara. Tun a hanya nake shirya haƙurin da zan ba 'yata Ɗigo, don na san zan tarar da ita a kan bencin bakin get ta cika ta yi fam. Shekararta biyar, amma in ta tashi yi mini faɗan makara sai ka rantse ita ta haife ni.

Bencin babu kowa.

"Baba Maigadi, ina mutuniyar tawa?"

Ya ɗago kai daga rediyonsa. "Ai ta tafi tuni, Injiniya."

"Ta tafi da wa?"

"Au, ba ke kika aiko ba?"

Na dafa ƙarfen get ɗin. Ban aiki kowa ba. Babanta direban babbar mota ne, kwanansa huɗu a hanya. Ni ke kai ta, ni ke ɗauko ta, yau ne kawai wani ofis ya riƙe ni da gyaran kwamfutoci shida da wuta ta lalata.

Maigadi ya miƙe har rediyon ya faɗi ƙasa. Yana rantsuwa yana ƙarawa. Wai daidai lokacin tashi motocin iyaye biyu suka gogi juna a bakin titi, ya fita rabon faɗa, ko da ya dawo yara sun watse, benci wayam. Bai ga kowa ba.

Na kira yayana. Tela ne, shagonsa a ɗakin gaba na gidanmu, shi ke kula da mahaifinmu da rana.

"Yaya, Ɗigo ta zo gida?"

"Wa zai kawo ta?" ya ce cikin raɗa.

"Ɗaga murya, ba na jin ka!"

"Baba na barci, Auta. Tun sha biyu na samu ya kwanta, na ja masa ƙofa. Lafiya dai?"

Mutumin da keken ɗinkinsa ke ƙara kamar injin niƙa, amma waya ce zai yi wa raɗa. Ban ga laifinsa ba. Shekara biyu ke nan tunanin Baba ya fara zubewa: yau ya san mu, gobe ya gaishe mu kamar baƙi. Ko bakin ƙofa ya daina fita. In ya farka a firgice wuni ake ana lallashi.

"Ba ta makaranta," na ce. "Kada ka motsa daga gida, ko Allah zai sa wani ya kawo ta."

Na katse a tsakiyar salatinsa.

Na san makarantar nan kamar yunwar cikina, a nan na yi firamare tun tana da aji shida kacal. Na bi ajujuwa ɗaya bayan ɗaya ina kiran sunanta. Na leƙa banɗaki, na leƙa bayan ɗakin janareta. Murfin tankin ruwa ne na daɗe kafin na iya ɗagawa. Ruwa ne kawai, sai fuskata a ciki.

A baranda Shugabar makarantar ta tare ni, doguwar mace mai tabarau, wadda da murya kawai take tsayar da yara ɗari uku. Yau muryar rawa take.

"Na kira 'yan sanda, Injiniya. Suna hanya. Sun ce mu duba kyamara kafin su iso, don titi uku ne ya rabu daga ƙofar nan, ba su san wanda za su bi ba."

"To mu duba mana!"

Ta kawar da kai. Tun daga nan na san akwai magana.

Ofishinta ɗan ƙarami ne, tebur ya cinye rabinsa. A kan teburin akwai allon kwamfuta, baƙi ƙirin, da 'yar wuta ruwan lemo a gindinsa. Akwatin kwamfutar kuwa an cusa shi cikin wani lungun katako a ƙarƙashin teburin, bayansa manne da bango. Koriyar wuta na ci a gabansa. Fanka na juyawa, fuuu.

"Kwana uku ke nan allon ba ya nuna komai," in ji Shugaba. "Amma tana aiki, kin ji fankar ai. Na ce in an yi hutun ƙarshen mako sai a kira ki."

"Malama, fanka ba ta san ko mai ɗaki yana da rai ba. Juyawa kawai take."

Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, kuma wannan cutar ita ce ta fi kowace zuwa shagona: a kunna, wuta ta kama, allo shiru. Kullum da dariya nake karɓarta. Yau ce na fara jin tsoronta, domin iri biyu ce. In laifin na allo ne ko na wayar da ke kai masa hoto, to kwamfutar lafiyarta ƙalau, tana can cikin duhu tana naɗar duk abin da kyamarori suka gani, har da fuskar wanda ya tafi da 'yata. In kuwa laifin daga ciki ne, wani abu ya goce ko ya ƙone, to kwana ukun nan ko farkawa ba ta yi ba. Wuta da fanka ne kawai, babu hoton ko ƙuda.

Shugaba ta miƙa yatsa wajen maɓallin akwatin. "Ko a kashe a sake kunnawa? Wani lokaci yana..."

Ban san lokacin da na doke hannunta ba. Ƙarar ta cika ofishin.

"Ki yi haƙuri, Malama. In tana naɗa kika kashe ta, hoton yau zai iya lalacewa. Kuma ba mu da tabbacin za ta sake tashi. Kada wanda ya taɓa ta."

Ta riƙe hannun ta gyaɗa kai kamar 'yar aji ɗaya.

Na fara da allon. Na danna maɓallin gefensa, sai ga 'yar taga ta fito tana tambaya ko in ƙara haske ko in rage. Allon yana da rai ke nan, hoto ne ba ya iso shi. Na durƙusa na nemi 'yar wutar da ke ƙiftawa in rumbun ajiya na aiki. An fasa wurin tun tuni, an liƙe da salatif. Na kara kunne a jikin akwatin ko zan ji motsin rumbun, ba na jin komai sai bugun zuciyata.

Saura dabara guda. A jikin kibod akwai maɓallin da ke kunna lambobi, yana da 'yar wutarsa a sama. In kwamfuta a farke take, ka danna wutar ta kama, ka sake dannawa ta mutu. In ba a farke take ba, ko za ka wuni kana dannawa ba abin da zai faru.

Na yi bisimilla na danna.

Babu komai.

Na sake. Na sake da ƙarfi har kibod ɗin ya yi tsalle. Babu ko ɗigon haske.

"Me ya nuna?" in ji Shugaba.

Na dubi agogon wayata. Ƙarfe uku saura ashirin. Sama da awa guda ke nan. A awa guda mota ta fita gari ta shiga wani. Na ga Ɗigo a kujerar baya ta wata mota da ban sani ba, da jar jakarta a cinya, tana tambaya, sai yaushe za mu isa wurin Mama?

Wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

Duk muka ƙura mata ido. Kiran da kowace uwa ke tsoro ke nan. Da ƙyar yatsana ya samu wurin dannawa.

"Injiniya? Ni ne mai firintar nan ta jiya. Wallahi ta koma cin takarda kamar akuya, na ce ko..."

Na katse. Na fizgi kibod ɗin da niyyar in maka shi da bango, sai wayarsa ta biyo ni salalala, har kanta ya faɗo a cinyata.

Ba a jone yake ba.

Na tsaya ina kallon kan wayar. Kibod ba ya cire kansa. Wani ya shiga bayan akwatin nan.

"Wa ya taɓa kwamfutar nan?"

"Babu mai taɓa ta," in ji Shugaba. "Ni kaɗai ke da makullin ofis, sai..."

Ta juya. A bakin ƙofa Iya mai shara ce tsaye, 'yar gajeriyar dattijuwa, ta rungume sandar mofa kamar za a ƙwace mata. Hawaye na bin kuncinta.

"Ni ce, ranki ya daɗe. Ran Litinin da safe. Bokiti ne ya kife mini, ruwa ya bi ƙarƙashin tebur. Na ce in ya shiga cikinta na kaɗe har ganyena. Sai na zare wayoyin duka, na ɗora ta a kan kujera, na goge wurin tas."

"Kika yi shiru kwana uku!" Muryar Shugaba ta dawo.

"Bar ta, Malama," na ce. Na matsa kusa da tsohuwar. "Iya, ruwa ya taɓa ta?"

"Ko ɗigo, 'yar nan. Na rantse."

"Da kika mayar, yaya kika yi?"

"Launi na bi. Baƙi a baƙi, shuɗi a shuɗi. Har ƙusoshin na ɗaure da gindin cokali, kada a ce na bar su sako-sako."

Shuɗi a shuɗi. Wani abu ya motsa a ƙirjina, amma na hana shi girma.

Na kama akwatin da hannu biyu zan jawo shi. Ko taku ɗaya bai yi ba, soket ɗin bango ya yi ƙyas, koriyar wutar ta lumshe ta dawo. Na saki kamar na taɓa garwashi. Wayar wutar gajera ce, a miƙe take tsam, soket ɗin kuma ya saki, filogin rabinsa a waje. In na ƙara ja kaɗan za ta mutu a hannuna.

"Iya, zo. Durƙusa nan. Danne filogin nan da bango da hannu biyu. Ko gini zai faɗo kada ki saki."

"Ba zai ja ni ba?"

"Robar za ki riƙe, ba ƙarfen ba."

Ta yar da mofa, ta durƙusa, ta danne, ta runtse ido tana motsa baki.

Na kwanta rubda ciki a kan siminti. Tsakanin bayan akwatin da bango bai fi faɗin tafin hannu ba, kai ba zai shiga ba. Na zura wayata na ɗauki hoto da filasha, na jawo na duba. Ƙura, yanar gizo, murfin biro. Ga wayar kyamarori a raminta, da 'yar wuta a gefenta tana ci. Alhamdulillahi, wannan Iya ta dace. Sannan ga abin da nake nema: ramuka shuɗaye guda biyu, iri ɗaya sak. Ɗaya a sama a tsaye, ɗaya can ƙasa a kwance.

Na sama na asalin kwamfutar ne. Na ƙasa na katin hoto ne da aka ƙara mata saboda kyamarori. Da zarar an saka irin wannan kati, ramin sama ya zama ado kawai, ba ya fitar da komai. Wayar allon kuwa tana sama, an ɗaure ta tamau.

Ban yarda na yi murna ba tukuna. Na laluba da yatsa na jona kibod, na miƙa hannu kan tebur na danna maɓallin lambobi.

"Ta kama!" Shugaba ta yi ihu. "Koriya!"

"Danna kuma."

"Ta mutu."

"Kuma."

"Ta kama!"

A farke take. Kwana uku tana zaune cikin duhu tana kallon get.

Ƙusoshi biyun da ke riƙe da kan wayar allon da yatsa ake murɗa su, amma Iya ta ɗaure su kamar za a yi musu gwajin mota. Na zaro sukudireba daga jakata, na tura hannu a makance. Katako ya yanke ni a gwiwar hannu. Ƙusa ta farko ta saki. Ta biyu ta ƙi, bakin sukudireban na zamewa saboda gumi. Akwatin ya ɗan gusa, soket ya sake yin ƙyas.

"Iya!"

"Ina riƙe, 'yar nan, ina riƙe! Hannuna ya mutu amma ina riƙe!"

Ƙusa ta biyu ta saki. Na jawo kan wayar zuwa haske, sai na ga ɗaya daga cikin siraran alluran da ke cikinsa ta kwanta, turin da aka yi mata da ƙarfi ya lanƙwasa ta. In na tura a haka za ta karye, kuma babu wata wayar a ofishin.

"Malama, biro."

Na zare bututun tawadar da haƙori, na zura bakinsa a kan allurar, na fara ɗago ta. Na daina numfashi. Na yi wa ɗaruruwan wayoyi haka ina hira ina dariya, yau kuwa ji nake kamar wuyan 'yata nake miƙarwa. A hankali, a hankali, ta tsaya daidai da 'yan uwanta.

Na mayar da hannu bayan akwatin, na bi da yatsa har ƙasa, na sami ramin da ke kwance, na tura.

Shiru. Ɗaya. Biyu. Uku.

'Yar wutar gindin allon ta juya daga ruwan lemo zuwa shuɗi. Haske ya cika ofishin. Allon ya rabu gida huɗu: baranda, filin wasa, bayan ajujuwa, bakin get. Ga Maigadi can yana safa da marwa, hannu biyu a ka.

"In saki?" in ji Iya.

"Kada ki kuskura."

Na buɗe hoton get, na rubuta ƙarfe ɗaya da rabi na yau. Kwamfutar ta ce babu. Na sake, ta ce babu. Shugaba ta fara salati. Na kalli kusurwar allon: agogon ya ce sha ɗaya da minti arba'in, a wata shekara da Ɗigo ko haihuwarta ba a yi ba. Ɗan batirin agogon ya mutu, cire wutar da Iya ta yi ya mayar da shi baya. Na rabu da agogo. Na kama hoton daga ƙarshe na dinga jan sa baya.

Komai ya koma tafiya da baya. Na ga kaina na fito daga makaranta da baya, na shiga mota, motar ta ja da baya ta ɓace. Benci babu kowa. Maigadi da rediyonsa. Benci babu kowa. Babu kowa. Sai taron masu faɗa ya haɗu a gefen hoton. Sai wata baƙar lema ta shigo daga hagu, tana tafiya da baya, ta kawo mini 'yata ta zaunar a kan benci.

Na tsayar. Na saki hoton ya tafi daidai.

Ga Ɗigo tana wasa da ƙafa, jar jaka a cinya. Lemar ta shigo ta tsaya a kanta. Kyamarar a saman get take, ba a ganin komai na mutumin sai lemar da ƙafar wando da silifas.

"Ya rufe fuskarsa!" in ji Shugaba. "Ya san da kyamara! Ana wannan rana babu hadari, wa zai riƙe lema? Innalillahi, gwani ne!"

Ɗigo ta ɗaga kai. Ta yi dariya. Ta diro daga benci da kanta.

Wani hannu ya fito daga ƙarƙashin lemar. Bai kama tafin hannunta ba, tsintsiyar hannun ya kama, ya zagaye ta da yatsu. Sannan ya zagayo da ita ta bayansa, ya mayar da ita ɓangaren katanga, shi ya tsaya ɓangaren titi.

Tsintsiyar hannuna ta dama ta ɗauki zafi.

Na mayar da hoton baya, na ƙara girmansa. Ɗaya daga cikin ƙarafan lemar ya taɓa karyewa, an naɗe shi da jar wayar wuta. Ni na naɗe shi, bara, a kan teburin shagona.

Na kira Yaya.

"Je ka buɗe ɗakin Baba."

"Auta, in ya farka..."

"Buɗe!"

Na ji takunsa, na ji ƙarar ƙofa.

"Ba ya nan." Yanzu babu raɗa. "Ƙofar baya a buɗe. Silifas ɗinsa babu. Lemar ma babu a jikin ƙusa. Auta, ina kan keke, wallahi ban ji..."

"Shi ya ɗauke ta."

Shugaba ta zube a kujera. "Kakanta ne? Kai, alhamdulillahi!"

Ni ban yi hamdala ba. Ina kallon lemar tana fita daga hoton. Gidanmu ta dama ake bi. Hagu suka yi.

Shekara shida Baba yana zuwa ƙofar nan ƙarfe ɗaya da rabi, da lema ko rana ko ruwa, ya kama tsintsiyar hannuna mu yi hagu. A lokacin gidanmu yana tsallaken wani siririn titi da akuya ke kwanciya a tsakiyarsa. Shekara ashirin ke nan da aka rushe unguwar. Siririn titin yanzu layi shida ne, da katangar kankare a tsakiya, manyan motoci na gudu a kai dare da rana. Baba bai zo ɗaukar jikarsa ba. Ni ya zo ɗauka, kuma gida zai kai ni.

"Ki gaya wa 'yan sanda babban titi!" na ce ina gudu. A bayana na ji Iya tana tambaya ko ta saki.

Motar ba ta kai ni ko'ina ba. Kafin mahaɗar, cunkoso ya tsaya cak, ana ta hon. Na bar ta a buɗe da makulli a jiki na zuba da ƙafa. Takalmi ɗaya ya fita, na yar da ɗayan.

A bakin babban titi na ga abin da ya tsayar da motocin: wata babbar mota a karkace, mutane sun yi cincirindo a gabanta, suna kallon ƙasa.

Ban san yadda na kutsa ba, na dai tuna ina ture mutane ina cewa 'yata, 'yata. Na fito tsakiya. Akwatunan lemo ne suka zube, kwalabe sun farfashe, samari na kwashewa, wani ɗan sandan hanya na daka musu tsawa su yi sauri. Babu jini. Babu jar jaka.

Na ɗaga kai na duba dama.

Can gaba, kamar tsawon filin ƙwallo, baƙar lema a bakin titi. A ƙarƙashinta tsoho, da 'yar yarinya a gefensa.

Ban san dariya na yi ko kuka ba. Dokar Baba ce ta riƙe su. Ba a tsallakawa sai titi ya yi fayau, Auta, ko keke kika hango ki tsaya. Awa ɗaya da rabi yana tsaye yana jiran titi mai layi shida ya yi fayau.

Sai na gane abin da idona ke gani. Motar da ta karkace ta tare layi ukun da ke gabansu. Titin ya yi fayau.

Baba ya duba hagu. Ya duba dama. Ya gyara riƙon lema.

A bayana kwalba ta ƙarshe ta bar kwalta, babbar motar ta matsa gefe. Ɗan sandan ya hura usur, injuna suka ɗauki ruri gaba ɗaya, motocin da suka gaji da jira.

Ban yi ihu ba. In na yi, Ɗigo za ta fizge ta rugo, shi kuma in ya firgita gaba zai yi. Gudu kawai na yi, kwalta na ƙona tafin ƙafata, ƙarar motoci na bin bayana. Baba ya sauke ƙafa ɗaya a kan titi. Ya sauke ta biyu. Ɗigo ta bi shi.

Na cafki hannunsa mai lemar na yi baya da dukkan nauyina. Mu uku muka zube a kan dakalin gefen titi. Wata farar bas ta wuce fuu, iskarta ta fizge lemar ta yi sama da ita, motar bayanta ta bi ta kai.

"Mama!" Ɗigo ta faɗo jikina da hannu ɗaya, don ɗayan har yanzu yana cikin na Baba. Leɓenta ya bushe, kayan makarantarta sun jiƙe. "Mama, Kaka ya ƙi mu tafi. Kuma sai ce mini yake Auta. Na gaya masa ni Ɗigo ce, ya ce in daina surutu a bakin titi."

Na ƙanƙame ta ina shinshina kanta.

Baba ya tashi zaune yana kakkaɓe riga. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya dube ni sama da ƙasa, mace ba takalmi, jini a gwiwar hannu, ƙura har gira.

"Baiwar Allah, lafiya kike ture mutane?"

"Ka gafarce ni, Baba. Mota ce na gani."

"To, Allah ya yi miki albarka." Ya waiga wajen titin, inda lemarsa ta zama tsumma. "Yau motoci sun yi yawa, ban san me ake yi a gari ba. Ga yarinya ta gaji, uwarta na can tana jira. Ko za ki taimaka ki tsallakar da mu? Gidan ga shi can, mai shuɗiyar ƙofa."

Inda ya nuna babu komai sai doguwar katangar wani sito.

"An rufe ta nan, Baba," na ce. "Akwai wata hanya ta baya. Zo in raka ku."

Ya yi ɗan jim yana nazarina, sannan ya yarda na ɗaga shi. Na gwada zare hannun Ɗigo daga nasa, yatsunsa sun yi mata jan zobe a fata. Ya ƙara damƙewa, ya harare ni.

"A'a. Ba na sakin ta sai a ƙofar gida."

Na bar masa. Ya mayar da ita ɓangaren katanga. Ni kuma na zagaya ɗaya gefen, na kama tsintsiyar hannunsa na zagaye ta da yatsuna, na tsaya ɓangaren titi, muka juya.